Tsutsotsin siliki 300 da bishiya ɗaya: nazarin matsalar ganye a wani ƙaramin kiwo na gida

Lamarin da za a bi diddiginsa a nan ya faru ne a gidan wata malamar makaranta da ke kiwon tsutsar siliki don sha'awa, ita da 'ya'yanta biyu, a yankin da bishiyoyi ke zubar da ganye idan sanyi ya shigo, su sake toho idan ya wuce. Ba ta da niyyar sayar da zare, ba ta kuma da lambu. Abin da ta mallaka shi ne kwali biyu ko uku, da izinin da maƙwabcinta ya ba ta na tsinkar ganye a wata ƙaramar bishiyar malberi da ke bayan gidansa. Na san yadda abin ya gudana domin ni ta riƙa tuntuɓa a tsawon makonnin, kuma tana da littafin da take rubuta abin da ya faru kowace rana, wanda ta bar ni na duba daga baya.

Shekarar farko ba ta zo da wata wahala ba. Wata abokiyar aikinta ta ba ta tsutsotsi 15 da suka riga suka yi rabin girma, yaran suka riƙa tsinko ganye kaɗan safe da yamma, kowace tsutsa ta saƙa gidanta na siliki, bayan kimanin mako biyu kuma fararen malam-buɗe-littafi suka fito, suka yi barbara, suka saka ƙwai a kan takardar da aka shimfiɗa musu. Mace guda takan saka ƙwai 300 zuwa 500. Malamar ta ajiye takarda ɗaya da ke ɗauke da abin da mace guda ta saka, ta jefa ta cikin kwali, ta kai ɗakin ajiya. A ganina wannan nasarar ta farko ce tushen duk abin da ya biyo baya, domin ta sa ta ɗauka cewa bishiyar maƙwabci ta wadatar, alhali ba a taɓa gwada bishiyar da nauyi na gaske ba.

Dabbar da ba ta da abinci na biyu

Tsutsar siliki ta gida, wadda masana ke kira Bombyx mori, an fara kiwonta a ƙasar Sin kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, kuma tsawon zaman da ta yi a hannun ɗan Adam ya raba ta da dabarun neman abinci. Ba ta barin kwalinta ta tafi kiwo. Idan ganye ya ƙare sai ta ɗaga kai ta jira. Idan ta rikiɗa ta yi fukafukai ba ta iya tashi, ba ta kuma cin komai har ta mutu. Ke nan duk abincin da za ta ci a rayuwarta, wanda da shi za ta saƙa zaren da kan kai ɗaruruwan mitoci, ta rikiɗa, ta kuma saka ƙwai, cikin kusan mako huɗu take cinye shi, kuma ganyen malberi ne.

Wannan manne wa bishiya guda yana da dalili. Ƙamshin ganyen yana jawo tsutsar, wasu sinadarai da ke cikinsa suna sa ta ta ciza ta kuma haɗiye, sannan farin ruwan da ke fita idan an tsinke ganyen yana ɗauke da sinadaran da ke hana yawancin tsutsotsi narkar da sukari, amma cikin tsutsar siliki yana da hanyar kauce musu. Abin da yake guba ga wasu shi ne abincinta, ita kuma ba ta da wani da zai maye gurbinsa sosai.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne yadda cin ya kasu. Tsutsar tana yin saɓa sau huɗu, wanda ya raba rayuwarta zango biyar. Ranar da ta fito daga ƙwai tsawonta bai wuce milimita 3 ba, baƙa ce mai gashi kamar kiyashi. Kafin ta fara saƙa ta kai santimita 7 ko 8, nauyinta kuma ya ninka kusan sau 10,000. Kowace tsutsa kan ci gram 20 zuwa 30 na ɗanyen ganye gaba ɗaya, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan a zango na biyar kaɗai take cinye shi, wato a kwanaki bakwai ko takwas na ƙarshe. Idan aka ɗauki gram 25 a matsayin tsaka-tsaki, tsutsotsi 15 na shekarar farko ko rabin kilo ba su ci ba. Tsutsotsi 300 kuwa suna buƙatar kilo bakwai da rabi, kuma kimanin kilo shida daga ciki a mako guda za a nemo shi. Malamar ba ta yi wannan lissafin ba sai a rana ta 19 da ƙyanƙyasar ƙwan da ta ajiye.

Yadda makonnin suka gudana

Kuskuren farko na lokaci ne. Irin da take kiwo yana cikin waɗanda ƙwansu ke kwanciya, ba ya ƙyanƙyashewa sai ya sha sanyi na wani tsawon lokaci sannan ɗumi ya biyo baya. A ɗakin ajiyar ƙwan ya sha sanyinsa yadda ya kamata. Da sanyi ya fara ja da baya sai ta yi gyaran ɗakin, ta shigo da kwalin cikin ɗakin da ake ɗumamawa, ta manta da shi a kan kabad. Ƙwan ya ɗauka lokaci ya yi. Bayan kwana 12 ƙaramin ɗanta ya buɗe kwalin ya tarar da takardar ta yi baƙi da 'yan tsutsotsi, a daidai lokacin da bishiyar maƙwabci ba ta wuce fara fasa toho ba.

Jaririyar tsutsa ba ta jure yunwa mai tsawo. Malamar ta yanka latas ƙanana-ƙanana ta zuba musu, ta haɗa da ɗan tohon da ta iya tsinkowa. Wasu sun taɓa latas ɗin, kamar yadda aka san tsutsar siliki kan yi idan yunwa ta matsa, amma latas ruwa ya fi yawa a cikinsa, kuma ba ya ɗauke da abin da jikinta ke buƙata. Yana iya jinkirta mutuwa kwana ɗaya ko biyu, ba ya gina jiki. Abin da ya cece su shi ne ƙanƙantar cikinsu, domin a kwanakin farko ganye biyu ko uku da aka yayyanka sukan ishi ɗaruruwa, kuma lallausan sabon toho shi ne daidai bakinsu. Duk da haka kimanin 40 sun mutu kafin rana ta huɗu, lokacin da ganyen ya buɗe sosai.

Daga nan zuwa rana ta 14 babu abin da ya faru sai girma. Littafinta a waɗannan kwanaki cike yake da jin daɗi, in ban da wata rana da ta tsorata ganin tsutsotsin sun daina ci sun ɗaga kai sun sandare, har na shaida mata cewa saɓa za su yi, kuma kada a taɓa su ko a tura musu ganye sai sun gama.

A zango na huɗu ne ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada. Rassan ƙasa na bishiyar sun zama tsirara, maƙwabcin kuma, cikin ladabi, ya nuna damuwarsa. Yana da gaskiya: malberi tana sake ganye bayan an tsinke ta, amma makonni take ɗauka, kuma ƙaramar bishiya da aka tsige ƙaf a farkon tohonta takan yi rauni. Dole aka shiga neman wata.

Bishiyar farko da yaran suka gano ba malberi ba ce. Ganyenta yana da rabe-rabe kamar na malberi, yana fitar da farin ruwa, shi ya sa suka ciko jaka suna murna. Tsutsotsin suka hau kansa, suka ɗan ciza, suka bar shi. Da aka aiko mini da hotonsa sai na ga 'yar uwar malberi ce da ake kira Broussonetia papyrifera, wadda ake yin takarda da ɓawonta. Danginsu ɗaya, amma ganyenta yana da gashi mai laushi kamar karan-miski, musamman ta ƙasa, kuma tsutsar siliki ba ta girma a kansa. Ya kamata a ɗan tsaya a nan, domin gane bishiyar yana rikita mutane da yawa. Siffar ganye ba hujja ba ce, tun da a reshe ɗaya na malberi ana iya samun ganye mai kamar zuciya da wani mai rabe-rabe uku ko biyar. Abin dubawa shi ne gefen ganyen mai haƙora kamar zarto, da manyan jijiyoyi uku da ke tasowa daga gindinsa, da yadda ganyayen ke fitowa ɗaya nan ɗaya can a jikin reshe, da farin ruwan da ke ɗiga idan an tsinke, ko da yake farin ruwan shi kaɗai ba ya wadatarwa, tun da bishiyar da yaran suka gano ma tana da shi. Farar malberi, Morus alba, wadda ita ce tsutsar ta fi so, ganyenta santsi ne da sheƙi ta sama. Baƙar malberi da jar malberi ganyensu ya fi kaushi. Launin 'ya'yan itacen ma ba ya raba gardama, domin farar malberi kan yi 'ya'ya farare, ko jajaye, ko baƙaƙe, akwai kuma wadda ba ta 'ya'ya sam, ganyenta kuwa lafiya lau ne. A farkon ƙarni na 17 Sarki James na ɗaya na Ingila ya sa an dasa dubban bishiyoyin malberi da fatan kafa sana'ar siliki, akasarinsu baƙar malberi, sana'ar kuma ba ta kafu ba, kuma ana yawan lissafa zaɓin irin bishiyar cikin dalilan hakan. Wannan damuwa ce ta mai neman zare mai kyau. Ga mai kiwon sha'awa da tsutsotsinsa ke jin yunwa, kowace malberi ta gaskiya abinci ce.

Bishiya ta biyu malberi ce ta gaskiya, babba, a gefen wata hanya kusa da wasu shuke-shuken ado da ake kula da su. A rana ta 18 malamar ta tsinko cikin jaka, ta wanke, ta shanya, ta ba kwali ɗaya daga cikin ukun da ta raba tsutsotsin a ciki, ba don wata dabara ba sai don sauran biyun suna da ragowar ganyen safe. Cikin sa'o'i kaɗan tsutsotsin wannan kwalin suka fara murɗe-murɗe, suna aman koren ruwa, jikinsu yana tsukewa. Kimanin 30 suka mutu kafin wayewar gari. Alamomin na maganin ƙwari ne, kuma mafi kusa da zato shi ne an yi wa shuke-shuken da ke kusa feshi, iska ta kai shi kan bishiyar. Tsutsar siliki ba ta da juriyar irin waɗannan magunguna ko kaɗan. Hayaƙin maganin sauro a ɗakin da take, ko hayaƙin taba, ko hannun da ya shafa maganin ƙuma a jikin kyanwa sannan ya taɓa ganye, kowanne yana iya yi mata illa. Wanki yana cire ƙura da kashin tsuntsaye, amma ba ya cire maganin da ya riga ya shiga jikin ganye.

A nan ne nake ganin aka yi asarar da ta fi sauƙin kaucewa. Duk ganyen da ya fito daga sabuwar bishiya, kamata ya yi a ware tsutsotsi uku ko biyar a ba su, a jira yini guda, kafin a zuba wa sauran. Ko wannan gwajin ma bai rufe kowace ƙofa ba, domin akwai magungunan da ba sa kashewa nan take, sai dai su dagula girman ƙwaro, ta yadda tsutsar za ta ci gaba da ci, lokacin saƙa ya zo ta kasa saƙawa. Saboda haka bishiyar da aka san mai ita, aka kuma tambaye shi ko yana feshi, ta fi wadda ba a san tarihinta ba, komai yawan ganyenta.

Washegari muka zauna muka yi lissafin da ya kamata a yi tun ƙwai yana kan takarda. Saura tsutsotsi kusan 230, suna gab da saɓar ƙarshe, kuma abin da ke gabansu ya haura kilo huɗu na ganye a mako guda, wato ɗaruruwan ganyaye kowace rana. Ta riga ta yi odar haɗaɗɗen garin abinci na tsutsar siliki, wanda ake haɗawa da garin busasshen ganyen malberi da garin waken suya da wasu sinadarai, a dafa shi da ruwa ya daskare a yanka. Irin wannan abincin yana aiki, har a Japan an daɗe ana renon ƙananan tsutsotsi da shi. Matsalarsa ita ce tsutsar da ta tashi a kansa takan karɓi ɗanyen ganye da murna, amma wadda ta saba da ɗanyen ganye sau da yawa takan ƙi komawa kansa. Nata sun ƙi, in ban da 'yan kaɗan. Da tun ranar ƙyanƙyasa yana hannunta, da shi ne maganin kwanaki ukun farko, da kuma ba a je ga latas ba.

Shawarar da na ba ta ba ta yi wa yaran daɗi ba: a rage yawan. Ta raba 120 ga abokan aiki da iyayen ɗalibai, da sharaɗi guda, cewa duk mai karɓa sai ya nuna bishiyar da zai riƙa tsinka a kai. Wannan rabon ne kuma ya kawo mafita ba tare da an nufa ba. Da maganar ta bazu, sai wata uwa ta tuna cewa a bara tsuntsaye sun riƙa ɓata mata shanya da kashi mai launin shuni, wanda alama ce ta cewa akwai malberi mai 'ya'ya a kusa. Aka bi, aka tarar da wata tsohuwar farar malberi a bayan gidan wani dattijo, wanda ya tabbatar da cewa bai taɓa yi mata feshi ba, ya kuma ce rassan da suka sauko kan shingensa dama sun dame shi, a sare su a tafi da su. Ga tsutsar zango na biyar wannan shi ne mafi dacewa, domin ana ɗora mata reshe da ganyensa ta hau ta ci, ganyen kuma ya fi daɗewa bai yi yaushi ba.

Da sauran rina a kaba. Gidan dattijon yana da ɗan nisa, don haka malamar takan je sau ɗaya a kwana biyu ko uku, da sassafe kafin rana ta bugi ganyen, ta zuba abin da ta tsinko a leda tare da ɗan ƙyalle mai danshi ta sa a firji, a ɓangaren da ba ya ƙanƙara. A haka ganye kan yi kwanaki yana da kyau, muddin an fito da shi ya huce daga sanyin, an kuma goge raɓar da ke kansa kafin a ba su. A rana ta 24 da ta 25 aka yi ruwan sama, ganyen ya zo a jiƙe, tsutsotsi 110 suna cin abin da aka zuba musu cikin ɗan lokaci har ana jin ƙarar cin kamar yayyafi a kan rufi, ita kuma tana sauri za ta tafi aiki. Ta zuba shi da ruwansa, a kan tarin kashi da ragowar ganyen da ba a kwashe ba tun jiya. Bayan kwana biyu wasu tsutsotsin suka daina ci, jikinsu ya saki, suka yi gudawa, suka mutu suka yi baƙi suna wari. Wannan ita ce cutar sakin jiki da Louis Pasteur ya yi nazari a kanta a kudancin Faransa, inda ya fara aiki kan cututtukan tsutsar siliki a 1865, kuma jiƙaƙƙen ganye da cunkoso da ƙazantar shimfiɗa suna cikin abubuwan da ke buɗe mata hanya. Ba ta da magani idan ta kama tsutsa. Malamar ta kwashe marasa lafiyar, ta sauya kwalaye, ta rarraba sauran don su sami sarari, ta koma shanya ganye a kan tawul kafin ta ba su. An rasa kimanin 20.

Tsakanin rana ta 28 da ta 31 sauran suka daina ci, jikinsu ya ɗan yi garai-garai, suka fara yawo suna kaɗa kai suna neman lungu. Tsutsotsi 90 ne suka saƙa gidajensu.

Abin da lamarin ya nuna, da abin da aka sauya

Idan aka dubi asarar, tsutsotsi kusan 90 da suka mutu ba rashin ganye ne ya kashe su kai tsaye ba, in ban da 40 na farko. Guba da cuta ne suka kashe sauran. Amma dukansu biyun gaggawa ce ta haife su: wanda ke da wadataccen ganye a firji ba zai tsinko na gefen hanya ya zuba ba tare da gwaji ba, ba kuma zai ba da jiƙaƙƙe don babu lokacin shanya shi ba. Gaggawar kuwa daga abu biyu ta taso, wato barin ƙwai ya ƙyanƙyashe lokacin da ya ga dama, da barin yawansa yadda mace ta saka shi. Abubuwan nan biyu suna hannun mai kiwo gaba ɗaya, saɓanin ruwan sama ko feshin da wani ya yi. Ina kuma ganin laifina a ciki, domin tun a rana ta huɗu na san adadin tsutsotsin, na kuma san girman bishiyar, amma ban kawo maganar ragewa ba sai da aka yi asara, saboda ina jin nauyin ɓata wa yaran rai.

Da gidajen 90 suka fara fashewa, malamar ta bar ma'aurata kaɗan ne kawai suka saka ƙwai a kan takarda, sauran ƙwan da ba ta buƙata ta sa shi a ƙanƙara ya mutu, domin da an bar kowace mace da abin da ta saka, da dubbai ake magana. Ƙwan da ta zaɓa ta jira ya sauya daga rawaya zuwa toka-toka, alamar cewa yana da rai, sannan daga baya ta sa shi a ƙaramin mazubi a firji, inda sanyin ke kusa da digiri 5 a ma'aunin Selshiyas. Ba zai fito ba sai ta ga ganye ya buɗe a bishiya da idonta, tun da kwana 10 zuwa 14 kawai yake buƙata a ɗumi ya ƙyanƙyashe. Ta ajiye ƙullin garin abincin da tsutsotsin suka ƙi, saboda kwanakin farko idan lissafin ya sake kuskurewa.

Daga rassan dattijon kuma ta yanka sanduna shida masu kaurin fensir, kowanne kimanin santimita 20 da idanu uku ko huɗu, ta kafa su a tukwane, domin malberi tana kamawa daga reshe cikin sauƙi. Huɗu sun kama. Nufinta ta riƙa datse su su tsaya gajeru su yi rassa da yawa, yadda manoman siliki ke yi, don yara su iya tsinka ba tare da tsani ba. Ba za su ciyar da tsutsa a kakar farko ba, don haka ta koma wurin maƙwabcin da dattijon ta nemi izininsu tun kafin lokaci. Takardar ƙwan da ke firji ta riga ta sa almakashi ta yanke gefen da za ta fitar, ta ƙirga abin da ke kansa sau biyu tare da babban ɗanta, ƙwai 40 ne.